Kawunan Kifi a Gindin Rasberi

A shekarar 1958 Ishbel Rattray ta fara haɗuwa da Dod Paton, kuma hancinta ne ya riga idonta saninsa. Watan Oktoba ne, ranar da ita da mijinta Hector suka tare a gidan ƙarshe na Layin Tudu, cikin gidajen da hukumar gari ta gina a Portlunan bayan yaƙin duniya na biyu. Ba a gama sauke kaya daga mota ba ta zagaya bayan gida rungume da wani jiƙaƙƙen buhu, tana neman inda rana ta fi sauka. Nan wani ƙarni ya tare ta, irin wanda ke maƙale wa mutum a maƙogwaro. Da ta waiga sai ta ga mutum ya jingina da shinge yana kallonta. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, sanye da rigar saƙa wadda a wani zamani shuɗiya ce. Ɓawon kifi ya bushe a hannuwansa har gwiwa, yana ƙyalli. Yatsu biyu na hannun hagu babu su. Igiyar jirgi ce ta tafi da su, shi ya sa ya bar teku ya koma gidan banda na bakin ruwa, inda yake feɗe kifi tun daga asuba.

Abin da ke cikin buhun saiwoyin rasberi ne. Duk wanda ya zauna a wannan yanki na Sikotilan ya san rasberi: kara ne siriri mai ƙananan ƙayoyi, da kan yi ’ya’ya masu laushi kamar kan ɗan yatsa a tsakiyar bazara, a ci ɗanye ko a dafa da sukari a yi jam na shafa burodi. Na kowa ja ne. Na Ishbel ruwan ɗorawa ne, tsohon iri, mai ƙanshin zuma. Mahaifiyarta ce ta rene shi a bayan ɗakinta a Blairgowrie, inda ta ƙare rayuwarta tana tsinkar na gonakin wasu. Da ta rasu ba ta bar zobe ko agogo ba. Wannan karan kaɗai ta bari, kuma shi Ishbel ta haƙo ta ɗauko a cinyarta cikin motar haya.

“Me kika rungumo haka kamar jariri, ’yar nan?” in ji mutumin.

“Misis Rattray,” ta gyara masa.

Ya ce ya ji, ’yar nan, kuma har suka rabu bai taɓa kiranta da wani suna ba. Ita ma ba ta taɓa sauka daga Mista Paton ba.

Da ya ga saiwoyin sai ya ce bayan gidansa ba komai sai ciyawa, ko za a sami ragowa. Mahaifiyar Ishbel ta hore ta cewa ba a hana maƙwabci dashe. Don haka ta ware guda biyar ta miƙa masa ta saman shinge, tana kaffa-kaffa kada yatsunsu su haɗu. Ta nuna masa yadda uwarta take jera su, kamu guda tsakanin kowane biyu, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Ya karɓa ya juya bai yi godiya ba, ita kuma ba ta ji haushi ba, don a ƙasar nan ba a godiya a kan dashe. Tsofaffi sun ce in an gode ba ya kamawa. Ramawa ake yi da wani abu.

Ramawar ta zo da yamma. Dod ya ƙwanƙwasa ƙofar baya riƙe da bandar kifi naɗe a jarida, mai ya huda takardar yana ɗiga a kan dakalin da ta gama gogewa, ga sawun babban yatsansa baƙi a jikin kifin. Ishbel ma’aikaciyar gidan wanki ce a asibitin gunduma. Rayuwarta duka tafasa zannuwa ce da sitaci da guga, kuma ta ga abin da ƙazanta take yi wa mutane. Ta koma ciki ta ɗauko awartakin katako da take tsamo wanki da shi, ta kama ƙunshin, ta mayar masa a hannu.

“Ba ma cin wannan a gidan nan, Mista Paton.”

Hector yana tsaye a bayanta yana haɗiyar yawu. Dod ya dubi awartakin, ya dube ta, ya sa kifin cikin aljihun wandonsa yadda wani zai sa hankici.

“To, kina bina bashi ke nan,” ya ce.

An haifi Dod a layin masunta na bakin ruwa, a ɗaki guda mai mutum tara. Uwarsa mai feɗe kifi ce, ubansa kuma na shuka dankali a wani ɗan fili bayan majami’a, ba ya ba shi taki sai abin da teku ta rage. Dod ya shiga jirgi yana ɗan shekara goma sha huɗu. Bai yi aure ba, matan garin kuwa sun ce ba sai an tambayi dalili ba. Yana wanka ran Asabar kamar kowa, amma ƙarnin ya riga ya wuce fata. A majami’a yana da murya mai kauri da daɗi, kuma shi kaɗai ne yake da benci guda nasa. Ba mugu ba ne. Gwauraye mata da yawa a Portlunan sun sha tarar da kifi rataye a ƙofarsu ba su san wanda ya kawo ba, ko da yake hannun ƙofar kan faɗa musu. Sai dai duk wanda ya zauna kusa da shi zai shaida cewa alherinsa ya fi daɗin ji daga nesa.

Watan Maris na gaba Ishbel ta san abin da ta yi wa karan mahaifiyarta. Ta fito shanya da safe ta ga Dod ya haƙa dogon rami a gefen layin rasberinsa, yana juye bokiti a ciki. Kawunan kifi ne da hanji da hanta, na kwana uku ko huɗu, sun fara kore, wasu na motsi da tsutsa. Ya tattaka su da takalmi, ya watsa ’yar ƙasa a kai, ya koma gidan banda ya ciko wani. Haka ya yi har ƙarshen watan. Ta tsaya da kwandon wanki a hannu tana kallon idanun kifi suna kallon sama daga gindin karan da uwarta take ba ruɓaɓɓen ganye da tokar murhu kaɗai. Ta shiga ciki ta yi amai a bahon wanke-wanke.

Daga nan rayuwar Layin Tudu ta sami kalandarta. In Maris ya shiga, tsuntsayen teku su taru a kan rufin gidajen biyu suna ihu, su sauka su tone ramin, su tashi da hanji yana reto a bakinsu. Ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba kan kifi ya faɗo a tsakiyar farin zanen gadon Ishbel. Bayan tsuntsaye sai kyanwoyin gari, bayan kyanwoyi sai manyan ƙudaje shuɗɗa masu gunji, su cika tagar kicin. Ishbel ta koma yin shanya da ɗankwali ɗaure a hanci. Kuma ba kifi kaɗai ba ne. Kowace safiya Dod kan fito da fo ɗinsa na fitsari da ke ƙarƙashin gado, ya sirka da ruwa, ya bi layin yana zubawa a natse kamar mai ba baƙi shayi. In ya hango ta sai ya ɗaga fo ɗin ya gaishe ta da shi.

Karan nasa kuwa ya yi tsawo har ya wuce shinge, ganyensa baƙi-ƙirin don ƙoshi. ’Ya’yan manya ne, cike da ruwa, kuma in gaskiya za a faɗa ba su kai na Ishbel zaƙi ba. Tsutsar rasberi ma ta fi son nasa. Ita Ishbel ba ta kai ko ɗaya baki sai ta jiƙa su a ruwan gishiri, ƙananan fararen tsutsotsin sun taso sama ta kwashe. Dod a tsaye yake ci, daga kara zuwa baki, da hannun da ya baro wuƙar fiɗa. Wata rana ta ga ya ɓare ɗaya, ya duba ciki, ya ga mai gidan tana lanƙwasa, ya jefa duka a baki.

“Mista Paton, da tsutsa a ciki.”

“Na gani. Ita ma rasberin ta ci, ’yar nan, ba wani abu ba. Kin taɓa jin an ba talaka nama kyauta ya mayar?”

Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne bokitin. Guda ɗaya gare shi, na ƙarfe, mai lotsattsen gindi. Da shi yake kawo hanjin kifi a Maris, da shi yake tsinkar rasberi a Yuli, tsakaninsu ɗauraya guda a famfon waje. A cikinsa yake bi gida-gida yana rabo, mutane su karɓa da fara’a, su juye wa kaji bayan ya wuce. Hector kaɗai ke ci. Yakan ce zai je duba tayar kekensa, ya dawo da leɓe rawaya yana ƙarnin banda, Ishbel ta sa shi ya wanke baki a waje kafin ya taka mata ɗaki.

Rasberi ba ya zama inda aka ajiye shi. Saiwarsa kan yi tafiya a ƙarƙashin ƙasa ta ɓullo da toho a wani wuri. A shekara ta uku tohon Dod ya fara fitowa ta ɓangaren Ishbel, a ’yar tazarar da ke tsakanin shinge da layinta. Iri ɗaya ne da nata, jini ɗaya, ta sani. Amma in ta dube su sai ta ga idanun kifin nan. Ta riƙa tumɓuke su da safar hannu tana ƙonawa. Da abin ya ishe ta sai ta sa hularta ta Lahadi ta je ofishin hukuma da ƙafarta, ta taho da duba-gari. Mutumin ya zagaya lambun Dod da hankici a hanci, ya yanke cewa a riƙa zurfafa ramin, a kuma binne wani abu a bakin iyaka da zai tare saiwa. Dod bai yi gardama ba. Ya kwaso tsofaffin kwanon rufi daga gidan banda, baƙaƙe da hayaƙi, ya haƙa rami tsawon shingen, ya kafa su a tsaye cikin ƙasa har zurfin ƙugu. Yana aikin yana waƙar majami’a.

“Ga katangarki nan, ’yar nan,” ya ce da ya gama. “Ko ɓera sai ya nemi izini.”

Zurfafa ramin kuwa, ya yi na shekara guda ya manta.

Haka aka yi ta tafiya. Hector ya rasu a 1974, zuciyarsa ta tsaya a kan kujerar motar da yake tuƙawa, Allah ya sa tana tsaye a tasha. Dod yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawar. Ya sa baƙar kwat ɗin da ya gada, ya goge hannuwansa har suka yi ja, amma Ishbel tana kuka tana jin ƙarnin daga bakin kabari, kuma ta daɗe tana jin kunyar cewa abin da ta fi tunawa da ranar ke nan.

Sai bazarar 1976, wadda duk wanda ya gan ta bai manta ba. Sama ta ƙi ruwa, ciyawa ta ƙone, ƙasa ta tsattsage. Ramin Dod ya buɗe baki da kansa, abin da aka binne a Maris ya fito yana gaisawa da jama’a. Ba a iya buɗe taga a Layin Tudu. Wata safiya Ishbel ta sunkuya tsinka sai ta ga ƙasar bakin shinge tana motsi. Tsutsotsi ne, farare masu ƙiba, sun hauro ta saman kwanon da aka binne suna gangarowa ɓangarenta a jere, wasu har sun kai gindin karan uwarta. A bayansu ga wani ƙaton ɓera zaune yana cin wani abu da hannu biyu, ko gezau bai yi ba.

Ba ta yi shawara da kowa ba. A wurin aiki akwai baƙin maganin nan mai warin kwalta da ake wanke masai da magudana da shi, ana ɗiga kaɗan a bokitin ruwa. Ta karɓo galan guda. Ba ta sirka ba. Ta bi bakin shingen tana kwararawa daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ta bi shi da tafasasshen ruwan soda na wanki, tukunya bayan tukunya, har ƙasar ta yi kumfa. Tsutsotsin suka mutu nan take. Ranar ta yi barci da taga a buɗe, tana shaƙar warin asibiti, ranta fari.

Katangar da ta sa aka binne ta yi aikinta. Ko ɗigo bai tsallaka wurin Dod ba. Maganin duka ya tsaya a ɓangarenta, busasshiyar ƙasa ta shanye shi, ta kai shi inda saiwoyi ke neman ruwa. Cikin mako guda ganyen karanta ya yi laushi, gefensa ya ƙone. ’Ya’yan da ba su nuna ba suka ƙanƙance suka yi baƙi. Ta yi ta ɗibar ruwan wanka da na wanke-wanke tana zubawa, a banza. Da lokacin kaka ya zo ta ja kara guda sai ya taho a hannunta ba wuya, saiwar ta zama kamar jiƙaƙƙen igiya, tana warin masai. Ta jira Afrilu ko wani abu zai tsiro. Ko ciyawa ba ta fito a wurin ba.

Ta hau mota ta je Blairgowrie. Ɗakin mahaifiyarta an rushe shi, an haɗe wurin da gona, layi-layi na sabon jan iri da ake kai wa masana’anta. Ta tambayi tsofaffin da suka rage. Sun tuna mai ruwan ɗorawan, wata ma ta ce ba ta sake cin irinsa ba, amma ba wanda ya ajiye. A hanyar dawowa ta zauna a bayan mota da jakarta a cinya, ta gane cewa a duk duniya wuri ɗaya ya rage da karan uwarta ke raye, kuma fitsarin Dod Paton yake sha.

Dod ya ga komai ta saman shinge, bai yi mata dariya ba. Sau ɗaya ya yi magana. Tana tsaye a gaban baƙar ƙasar ya zo ya jingina, ya fyace hanci da yatsu, ya goge a rigarsa, ya ce yana da toho fiye da bukatarsa, in tana so ya haƙo mata.

Ta dubi hannun. Ta yi niyyar cewa to. Bakinta ne ya ƙi.

“Na gode, Mista Paton. Abin da ya girma a kan mushe ba zai shigo lambuna ba.”

“Ba kyauta ba ce, bashi nake biya, ’yar nan.”

“Ko mene ne.”

Ya ɗaga kafaɗa ya koma wurin bokitinsa. Ita kuma ta sayo jan iri a kanti ta dasa a can ɗaya gefen, nesa da shinge. Ya kama, ya yi ’ya’ya, ta yi jam da su ta kai kasuwar majami’a, aka saya aka yaba. Ita ba ta ci. Kowane Yuli takan tsaya a tagar bene ta dubi lambun maƙwabcinta ya yi rawaya, ƙudaje na yawo a kai, ƙanshin zuman nan na yarintarta yana tasowa gauraye da ƙarni, ta rasa ko yunwa take ji ko tashin zuciya.

A 1983 ƙafafun Dod suka gaza. Gidan banda ya riga ya rufe, amma bai daina jan bokitinsa zuwa bakin ruwa ba, yana roƙon hanji a wurin masu ƙananan jirage. Da ya faɗi a kan matakala karo na biyu, ’yar ƙanwarsa ta zo daga Dundee ta ce zai koma wurinta kafin hunturu. Hukuma ta ba wasu matasa ma’aurata gidan. Sun zo dubawa a Satumba, matar ta toshe hanci tun daga ƙofa, mijin ya auna lambun da ƙafa yana faɗa da ƙarfi cewa duk wannan dajin zai tafi, siminti zai zuba ya sami wurin ajiye mota. Ishbel tana bayan zanen da take shanyawa, ta ji kowace kalma.

Yanzu kam in ba ta roƙa ba shi ke nan. Ta shirya maganar a ranta, gajeriya, mai mutunci. Ta fita ta nufi shinge, sai ta tarar da shi zaune a kan bokitin da ya kife, ya cire takalmi yana yanke farcen ƙafa da wuƙar feɗe kifi. Ta yi kamar ta zo ɗaukar abin maƙale shanya, ta koma. Bayan kwanaki ta sake fita. Wannan karon yana durƙushe a bakin shingen, hannunsa cikin bokiti har gwiwa, kuma warin da ya bugo ta ya fi na kowace shekara. Bai taɓa binne kifi da kaka ba sai bana. Ya tone gefen shingen duka, ƙasa tuli-tuli, ga wani tsohon kwanon rufi mai tsatsa jingine da bango. Tsuntsaye sun cika rufi. Maganar da ta shirya ta gudu, wata ta zo a madadinta.

“Mista Paton, saura kwana nawa ka tafi? Ba za ka bar mu mu shaƙi iska ba ko a ƙarshe? Wa kake yi wa takin, siminti?”

Ya ɗago a hankali, gumi na bin fuskarsa, leɓensa ya yi fari don wahala.

“Kintsawa nake yi, ’yar nan. Mutum ba ya barin gida a hargitse.”

“Kai ka san kintsawa?”

“A wurinki na koya. Shekara ashirin da biyar ina kallo.”

Ta shiga ta rufe ƙofa da tagogi. Ya yi kusan mako biyu yana wannan haƙa, kaɗan-kaɗan, yana hutawa a kan bokiti. Ta lura ya fi himma ran Lahadi da safe da ranar da take zuwa kasuwa, har ya bar zuwa majami’a, ta ce a ranta tsufa bai ƙara masa tsoron Allah ba.

Ranar tafiyarsa ta fito bakin ƙofa. An sa shi a gaban mota da bargo a gwiwa, ’yar ƙanwar ta sauke gilasai duka huɗu ko da yake ana yayyafi. Bokitin ta ƙi ɗauka, yana nan a bakin ƙofa. Ishbel ta ce Allah ya kiyaye hanya, Mista Paton. Ya ɗaga mata hannun nan mai yatsu uku. Ba ta roƙa ba, shi ma bai sake tayi ba.

Sababbin maƙwabta ba su ɓata lokaci ba. Kafin Nuwamba ya ƙare sun sare karan, sun tone saiwoyin, sun tara a tsakiyar fili sun cinna wuta, suna aikin suna tofar da yawu saboda abin da shebur ke fitarwa. Ishbel ta kalla daga tagar bene har wutar ta mutu. Aka zuba siminti. A karo na farko tun zuwanta Layin Tudu ta yi shanya ba ɗankwali a hanci, zannuwanta suka bushe fes, kuma ba ta ji daɗin da ta zata ba. A Fabrairu labari ya zo cewa Dod ya rasu a Dundee. Aka kawo shi Portlunan aka binne kusa da filin dankalin ubansa. Ta je, ta tsaya a baya.

Wata safiya a ƙarshen Afrilu ta fito da kwandon wanki, sai ta ga wani tsuntsun teku yana caccakar ƙasa a bakin shingenta, a baƙin wurin nan da ba ya fid da komai. Ta kore shi da tawul. Inda ya tona akwai ɗan kore. Ta ajiye kwandon ta durƙusa. Toho ne, ganyensa a naɗe, bai fi tsawon yatsa ba. Jan irin da ta sayo tohonsa na da ƙaya ja-ja. Wannan ƙayarsa fara ce, karan kore shar, yadda ba ta gani a ɓangarenta ba shekara bakwai. Ta duba gaba ta ga wani, da wani. Gungu biyar ne a jere. Ta ɗora gwiwar hannunta a gindin na farko, kan yatsanta ya sauka daidai kan na biyu.

Ta ɗauko ƙaramin shebur ta tona a gefe, a hankali. Ƙasar ba tata ba ce, baƙa ce mai maiƙo. Kwanon katangar da ya kamata ta ci karo da shi babu shi. Ashe daga can ɓangarensa Dod ya zare shi, ya rarake ta ƙarƙashin shinge, ya kwashe mata ƙasar da ta kashe ya cusa tasa, da waɗannan ƙafafun da ba sa ɗaukarsa. Ta sami saiwar, ɗaure da igiyar kwalta, ƙullin masunta. A ƙarƙashinta shebur ya taɓa wani abu mai laushi, ya huda. Warin da ya taso ya sa ta komawa da baya ta zauna daɓas a kan ciyawa. Kan kifi ne, ƙato, rabinsa ya narke, bakinsa a buɗe, fararen jijiyoyin saiwar sun shiga ta ramin idonsa sun fita ta ɗayan.

“Ƙazamin banza,” ta ce, idonta na zubar da ruwa, kuma ita kanta ba za ta iya rantsewa warin ne kaɗai ba.

Ta tashi ta shiga kicin ta wanke hannu da sabulu da burushi, ta ɗauraye, ta sake wankewa. Ta ɗaure ɗankwali a hanci. Sannan ta koma ta mayar da ƙasar a kan kifin yadda ta same shi, ta danna da tafin hannu, ta jero duwatsu a kai saboda tsuntsaye. Godiya kuwa ba ta yi ba, ko a zuci, don ba a yi a kan dashe.